Fayil ɗin Majinyaci Ya Koma Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya babban asibiti ya san tagar ɗakin kati. Nan za ka miƙa ɗan katinka tun da sassafe, ka zauna a benci ana tonon fayil ɗinka cikin dubbai da suka sha ƙura a kan kanta. In an dace a samu, in ba a dace ba a ce ka yanki sabo. To, ka sani, ranar da aka buɗe maka sabon fayil, tarihin ciwonka na shekara da shekaru ya tafi ke nan.

Likitoci kuwa sukan ce tarihin nan shi ne jagoransu. Ɗauki mace mai hawan jini da ta zo awon ciki. In fayil ɗinta na cikin kwamfuta, da likita ya danna lambarta, sai ga awon jininta na watannin baya, da maganin da take sha, da ko an taɓa yi mata tiyata wajen haihuwa. Ba sai ya tambaye ta sunan ƙwaya ba, balle ta ce, "Wata 'yar fara ce ƙarama, Likita." Ai fararen ƙwayoyi ƙanana sun fi a ƙirga. Haka wanda Septrin ko fenisilin bai karɓe shi ba: in an shigar sau ɗaya, na'urar na iya yin gargaɗi ranar da wani likitan ya so rubuta masa, ko da a sume aka kawo shi. Mai ba da magani shi ma ya huta da kokawa da rubutun nan na tafiyar tsutsa.

Amma ba a rasa ƙorafi ba. A Amurka, inda gwamnati ta yi doka a 2009 ta zuba kuɗi don asibitoci su koma wannan tsari, likitoci da yawa na kukan cewa kallon allo yana cinye lokacin da ya kamata su dubi majinyaci. Mu a nan kuwa, in an ɗauke wuta ko intanet ya tsaya, layi ma ya tsaya. Asibitin da bai tanadi sola ko janareta ba, sauya wa wahala suna kawai ya yi.

Sai batun sirri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin asibiti a Najeriya bayyana ciwon mutum ba da izininsa ba, sai bisa umarnin kotu ko wani dalili da doka ta ambata.

Saura kai, mai karatu. Riƙe lambar katinka da kyau, ka yi amfani da suna ɗaya duk zuwa. Kada kuma ka ari katin ɗan'uwanka don gudun kuɗin yankan sabo, domin rukunin jininsa ne likita zai gani, ba naka ba.