Matakan Neman Kuɗin Gwamnati Don Sarrafa Amfanin Gonar Yankinku

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau ko ta Maigatari bayan kaka ya ga yadda ake loda buhunan riɗi da zoɓo a manyan motoci, a nufi Legas da su ɗanyu. Manomi ya sha rana, amma ribar tacewa da matse mai da ɗurawa a leda tana hannun wasu. Tun da farashin ɗanyen mai ya karye a 2014, tattalin arzikin Najeriya ya durƙushe a 2016, gwamnatoci suke buɗe ƙofofin kuɗi don a rage dogaro da fetur. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mutanenmu sun iya aikin, amma kuɗin yana wuce su saboda rashin shiri. Ga yadda ake shiryawa.

Mataki na 1: Ku fara da abin da ƙasarku take bayarwa

Kada ku ƙirƙiro sana'a don kun ji ana rabon kuɗi. Ku dubi abin da ya yi yawa a yankinku har yake faɗuwa a kaka: citta a Kachia, shinkafa a Kebbi, fata a Kano, riɗi da zoɓo a Jigawa. Sannan ku amsa tambayoyi uku tsakaninku da Allah. Daga ina za ku riƙa samun kayan duk shekara? Wa zai saya, kuma kan nawa? Da wace wuta inji zai tashi? Idan ɗaya ta gagare ku, ku dakata har ku samo amsarta.

Mataki na 2: Ku san irin kuɗin da kuke nema

Akwai tallafi, wanda ba a biya amma ana bin bahasin yadda aka kashe shi. Akwai rance, wanda dole a mayar. Akwai kuma na haɗin gwiwa, inda ku ma za ku zuba naku kason. Rashin bambance waɗannan ya cuce mu. Shirin ba manoma rance da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya samu cikas domin da yawa sun ɗauke shi a matsayin rabonsu na gwamnati, ba su biya ba. Idan kuma kuɗin ruwa ne damuwarku, ku tambaya tun farko ko shirin yana bi ta bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da TAJ.

Mataki na 3: Ku ƙwanƙwasa ƙofar da ta dace

Bankin Masana'antu, wato BOI, injuna yake saya wa masu sarrafa kaya, kuma yakan biya mai sayar da injin kai tsaye. Fili da gini ku ake sa ran ku samar. Bankin Manoma, mai hedikwata a Kaduna, harkar noma da ƙungiyoyin manoma ya fi dubawa. Bankin Raya Najeriya, DBN, ba ya ba mutum kuɗi hannu da hannu, sai ta bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna. Hukumar SMEDAN tana horar da masu ƙananan sana'o'i, NEPC kuma ita ce ta masu fitar da kaya waje. A jiharku, ku leƙa ma'aikatar kasuwanci da ta gona ku tambayi shirye-shiryen da ke gudana, irin su ACReSAL da Bankin Duniya yake tallafawa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kowane shiri yana da sharuɗɗansa a rubuce. Ku karɓe su ku karanta layi-layi kafin ku cike komai.

Mataki na 4: Ku haɗa takardu tun ba a buɗe shiri ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kamfani ne, ku yi masa rajista da CAC. Idan ƙungiyar gama kai ce, ku yi ta a ma'aikatar jiha mai kula da ƙungiyoyi. Ku tanadi lambar haraji, da NIN da BVN na shugabanni, da takardar fili ko ta haya, da takardar farashin inji daga mai sayarwa. Kayan ci da sha suna buƙatar amincewar NAFDAC. Ku tabbatar sunan kowa iri ɗaya ne a duk takardunsa, domin Muhammad a nan da Mohammed a can yana iya tsayar da fayil.

Mafi muhimmanci shi ne asusun banki da sunan sana'ar. Ku riƙa bi ta cikinsa da kowane ciniki. Cinikin da ya tsaya a aljihun babbar riga, banki ba ya ganinsa, komai yawansa.

Mataki na 5: Ku rubuta tsarin aiki da bakinku

Nan ne ake ci ko a faɗi. Mu ɗauka ƙungiyar manoman riɗi ce take neman injin tacewa. Kada ta rubuta cewa tana son "bunƙasa tattalin arziki". Ta faɗi abin da ke faruwa a kasuwa: dillali ya soka hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya baza a tafinsa, ya ga tsakuwa da ƙaiƙayi, ya rage farashi. Ta kawo farashin riɗin da ba a tace ba da na tatacce, da buhu nawa mambobi suke girbewa, da buhu nawa inji zai tace a rana. Ta lissafa kuɗin wuta ko gas, da na leburori, da gyara, da dako, sannan ta nuna abin da zai rage a wata da yadda za a biya bashi daga cikinsa, har da watannin da kaya ke yankewa.

Sai kuma amfanin da yanki zai samu, domin shi ne dalilin da gwamnati take saka kuɗinta: mutum nawa za su samu aiki, mata da matasa nawa ne a ciki, manoman ƙauyuka nawa za su kawo kayansu. Takarda daga ɗan kasuwan da ya yarda zai saya tana ƙara wa tsarin nauyi sosai. Idan wani ya taya ku rubutawa, ku zauna tare da shi, don ku ne za a yi wa tambaya kan kowane adadi.

Mataki na 6: Ku miƙa da kanku

Ku cike fom a shafin intanet na hukumar ko a ofishinta, kafin ranar rufewa, ku riƙe kwafi da lambar shaidar karɓa. Duk wanda ya ce ku ba shi wani abu zai saka sunanku, ku rabu da shi. Kada ku ba kowa lambar sirrin katinku ko wadda banki yake turowa ta waya. Idan akwai kuɗin da hukuma take karɓa, a asusunta ake biya, a karɓi rasit.

Mataki na 7: Ku shirya wa masu dubawa, ku riƙe amana

Jami'ai za su zo su ga wurin da idonsu. Su tarar da fili a share, da littafin shige da fice, da mambobin da suka san abin da aka rubuta da sunansu. Idan ba a amince ba, ku tambayi dalili, ku gyara, ku sake nema. Idan kuɗi ya fito, a kashe shi kan abin da aka ce, a ajiye kowane rasit, a biya kan lokaci. Biki da sabon babur su jira riba. Ƙungiyar da ta biya bashinta tsaf za ta koma neman injin matse mai da fuska a sake, kuma maƙwabtanta da za su nema bayanta za su ci albarkacin sunan da ta yi wa garin.