Bushewar Gaba Bayan Ɗaukewar Al'ada: Jan Hankali ga Iyaye Mata na Matameye

Ya ku iyayenmu mata na Matameye da Kance, da na Ɗan Barto, da Yawuri, da Dungu, da Kurni, da sauran garuruwan wannan yanki na jihar Damagaram, wannan takarda taku ce. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, don ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Maigida ma kada ya ɗauke kai, akwai nasa rabon a gaba.

Mece ce matsalar?

Idan mace ta cika wata 12 cur ba ta ga jinin al'ada ba, alhali ba ciki, ba shayarwa, ba wata cuta, to al'adarta ta ɗauke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna kai wa wannan mataki tsakanin shekara 45 zuwa 55. Tsari ne na halitta, kamar yadda balaga take.

A jikin mace akwai wani sinadari da likitoci ke kira estirojin, wanda ƙwayayen mahaifa ke samarwa. Shi ne ke sa fatar cikin gaba ta yi kauri da laushi, jini ya wadace ta, ni'ima ta sauko. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin sai ya ja baya ƙwarai. Fatar ta yi siriri, ta bushe, ta daina miƙewa. Daga nan sai ƙaiƙayi, da raɗaɗi, da zafi wajen kwanciyar aure, wani lokaci har da tsagewa. Wajen rabin matan da suka wuce wannan mataki suna fama da haka, sai dai kaɗan ne ke buɗe baki.

Mafitsara da hanyar fitsari su ma da wannan sinadari suke dogara. Shi ya sa mace kan ji zafin fitsari, ko yawan matsuwa, ko cutar mafitsara mai tafiya tana dawowa. Saboda haka ne a shekarar 2014 ƙungiyoyin likitocin mata suka haɗa matsalar gaba da ta fitsari a ƙarƙashin suna guda.

A lura: zafin jiki da zufan dare da ke zuwa da ɗaukewar al'ada sukan lafa bayan wasu shekaru. Bushewa kuwa ba ta tafiya da kanta. In an bar ta, gaba take ci.

Kurakurai huɗu da ke ƙara ciwon

Na farko, kiran kowane ciwo "sanyi". Mace ta ji ƙaiƙayi, sai ta aiki jikanta wajen mai tallan magani a kasuwa ya kawo mata kafso. Ta sha, ta ƙara sha, babu sauƙi. Dalili shi ne bushewa ba ƙwayar cuta ce ta kawo ta ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana kashe ƙwayoyi masu amfani da ke tsaron gaba, sai ƙaiƙayin ya ninka.

Na biyu, matsi. Kayan mata suna shigo mana daga Kano da Daura ta Ɗan Barto, wasu kuma a nan gida ake haɗa su. Yawancin na matsi aikinsu tsotse ruwa ne da tsuke fata: alif, da kanwa, da ruwan bagaruwa. Ku tuna, da bagaruwar nan majema ke jeme fata har ta zama ƙirgi. Abin da ke yi wa fatar dabba haka, me kuke zaton zai yi wa wurin da ya riga ya bushe ya yi siriri? Mai wannan lalura danshi take bukata, matsi kuwa ƙwace mata ɗan wanda ya rage yake yi.

Na uku, tsafta mai wuce iyaka. Wanke ciki da sabulu mai ƙamshi, ko Dettol, ko ruwa mai zafi ƙwarai, da cusa miski, da yawan turaren tsugunno, duk suna ƙona fata mai rauni. Cikin gaba yana tsaftace kansa. Tsarki da ruwa tsantsa ya wadatar.

Na huɗu, wanda ya fi duka haɗari, yankan gishiri. Har yanzu akwai inda in mace ta koka da zafin kwanciya sai a ce gishiri ne ya fito mata, a kira wanzami ko tsohuwa da aska. Wannan yanka ba ya warkar da komai. Yana jawo zubar jini, da rubewa, da yoyon fitsari idan aska ta taɓa mafitsara. Tun shekarar 2003 dokar Nijar ta haramta kaciyar mata da yanke-yanken gabansu.

Abin da ke kawo sauƙi

1. Man santsi na farmasi. Akwai wanda aka yi da ruwa, irin su K-Y Jelly, ana shafawa daidai lokacin kwanciya don rage gogayya. Ba ya bukatar takardar likita. A guji mai turare da mai sa ɗumi. Basilin da man shafawa na jiki ba na wurin ba ne. Masu amfani da kwaroron roba su sani, duk wani mai, ko na gyaɗa ko na kaɗe, yana lalata robar.

2. Maganin riƙe danshi. Wannan daban yake da na farko. Ana sa shi bayan kwana biyu ko uku, ko da miji ko babu, domin bazawara da wadda mijinta ya rasu su ma suna jin raɗaɗin wajen zama da tafiya da aikin gida.

3. Estirojin na sawa a gaba. Shi ne maganin da ke taɓa tushen matsalar, don yana mayar wa fata abin da ta rasa. Yana zuwa a matsayin kirim ko ƙwaya. Yawanci ana sawa kullum na mako biyu zuwa uku, sannan a koma sau biyu a mako. Kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Sauƙi yakan bayyana cikin makonni, in an daina kuma bushewar kan dawo. Likita ko ungozomar asibiti ne za su rubuta shi. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko take ganin jinin da ba a san dalilinsa ba, lalle ta faɗa musu tukuna.

4. Sutura. A sa kamfai na auduga, maras matsewa, a wanke shi a ɗauraye sosai, a shanya a rana.

Alamun da ba a jira da su

Duk jinin da ya fito bayan an shekara ba al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, a je asibiti. Kada a ce al'ada ce ta dawo. Sau da yawa tsagewar fata ce kawai, amma yana iya zama farkon sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, wadda gano ta da wuri ke ceton rai. Haka ruwa mai wari, da gyambo ko ƙari, da farin tabo mai ƙaiƙayi, da zafin fitsari tare da zazzaɓi. Ƙaiƙayin da ya ƙi ji kuma, a auna jini, don ciwon sukari na kawo shi.

A fara da likitar da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ki asibitin gunduma a nan Matameye, ko Damagaram, inda akwai babban asibitin ƙasa da cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro. Wadda ke jin nauyin namiji ta ce ungozoma take son gani, haƙƙinta ne. Ba sai ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Ɗiyata, al'adata ta ɗauke, ina jin bushewa da zafi." Ungozoma ta saba jin wannan.

Kira ga magidanta

Malam, idan uwargidanka ta fara noƙewa, kada ka ce ƙiyayya ce, ko kishi, ko an yi mata asiri. Ciwo take ji, kunya ta hana ta faɗa. Ka yi haƙuri, ka rage gaggawa, ka tsawaita wasa, domin jikinta yanzu yana bukatar lokaci fiye da da. In ta ce da zafi, ka dakata. Ka ba ta kuɗin mota da na magani kamar yadda za ka bayar in zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Matar da ta haifa maka ƴaƴa, ta raine su, ta cancanci wannan da abin da ya fi shi.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin mata da malaman Islamiyya, ku kawo wannan magana wurin adashi da wurin karatu. Ku gayyaci ungozomar asibiti ta zo ta amsa tambayoyi a cikin mata zalla. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.