Shawarwari kafin a sa wa waya ko kwamfuta manhajar da ba tata ba

A gidajenmu na Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Sabuwar Unguwa, tsadar data ta sa yawancin manhajoji ta Xender ake turo su daga wayar ƙani ko ta maƙwabci. Sai waya ta ƙi karɓa, ko ta karɓa ta dinga tsayawa, a ce ta lalace. Sau da yawa lafiyarta lau, manhajar ce ba domin ita aka yi ba.

1. Dubi ƙarshen sunan fayil ɗin. Mai apk na Android ne, exe na Windows, deb na Ubuntu da Debian da Linux Mint, rpm kuwa na Fedora da Red Hat. iPhone ba ta karɓar apk, duk wanda ya ce zai sa maka, riƙe kuɗinka.

2. Ko tsakanin wayoyin Android akwai bambanci. Da yawa daga ƙananan wayoyi masu Android Go tsarin 32-bit suke bi, manyan kuma 64-bit. Play Store yakan zaɓar wa kowace waya abin da ya dace da ita, saboda haka abin da aka turo maka na wayar mai turowar ne, wani lokaci ma ba cikakke ba.

3. Ɗalibanmu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Hassan Usman masu Ubuntu a kwamfuta, nan nake so ku natsu. Akwai wata manhaja mai suna alien da ke mayar da rpm ya koma deb, amma ƙunshin kawai take sauyawa. Ƙananan manhajojin da babbar ke dogaro da su sunayensu da zubinsu sun bambanta tsakanin Fedora da Ubuntu, kamar a ɗauko kayan gyaran babur ɗin Jincheng a ce sai sun zauna a jikin Boxer. Ko Debian da Ubuntu, da suke 'yan gida ɗaya, kada ku haɗa rumbunan manhajojinsu. Fara neman manhajar da apt. In babu, nemi ta Flatpak ko AppImage, waɗanda aka yi su don su yi aiki a kusan kowane Linux. In kuma kwamfuta ta yi gargaɗin za ta cire tarin manhajoji kafin ta sa guda ɗaya, dakata, kada ka tilasta mata.

4. Manhajar banki kam, Play Store ko App Store kawai. GBWhatsApp ma a rabu da ita: ba kamfanin WhatsApp ne ya yi ta ba, kuma yana rufe lambobin masu amfani da ita.

5. Mai sayen Huawei ya tambaya tun a shago ko wayar tana da Play Store. Yawancin samfuran da kamfanin ya fitar bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su zuwa da Play Store, kuma wasu manhajojin ba sa tafiya daidai a kansu.

6. Kafin kowane gwaji, kwashe hotunan iyali da takardun makaranta zuwa filash ko memori.