Ɗana, Ka Bar Wa Ƙasa Wurin Shan Ruwa

Ɗana, na ji an ce ka tara 'yan kuɗi za ka gyara gidan gado kafin damina ta kankama, har magini ya ba ka shawara a malale tsakar gidan da siminti tun daga bakin zaure har ƙofar madafi. Allah ya sa albarka, ya sa a gama lafiya. Amma kafin a kwaɓa buhun farko, ka tambayi maginin nan abu ɗaya: ruwan da ƙasar tsakar gidan take shanyewa duk shekara, ina za shi?

Birnin nan na Kano da ƙasarsa aka gina shi. Duk inda ka ga tsohon soro, a kusa da shi aka haƙi ƙasar tubalinsa, ramin da aka bari kuma ya zama kududdufi. Ita kanta ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, da ƙasar gefenta aka ɗaga ta, aka bar kwari yana bin gindinta. Ruwan da ya gangaro daga Dala da Goron Dutse sai ya yi ta yada zango a waɗannan ramuka kafin ya isa rafin Jakara. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya tarar da fadama ta kusan raba gari biyu, kasuwa tana tsakiyarta. Wato tun asali kasuwar Kurmi a bakin ruwa take zaune, kuma kakanninmu sun san haka.

Ba ina yabon kududdufi ido rufe ba ne. Yana da sauro, yana da wari, ya kuma ci yara da dama. Sai dai yana riƙe ruwa a ranar da aka yi kamar da bakin ƙwarya, sannan ya riƙa tsiyaya shi cikin ƙasa sannu a hankali, rijiyoyin unguwa su samu. Yanzu an cike mafi yawansu da shara, an yanka filaye, an yi shaguna. Jakara kuma an ɗaure ta da kankare. Shi ruwa bai san an sayar da kududdufi ba, inda ya saba zuwa nan zai nufa, ko da ɗakin amarya aka gina a wurin. Ka dai tuna yadda ya shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 ya jiƙa dilolin atamfa.

Yi lissafin gidanka ka gani. Rufin kwano mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10, in aka yi ruwan milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, zai zubo da lita 3,000. Jarka 120 ke nan mai cin lita 25, irin wadda kake saye a hannun 'yan garuwa da rani kana ƙorafin tsada. In ka ƙara da tsakar gida mai siminti, duk wannan ruwa ta rariya ɗaya zai fita, cikin ɗan lokaci, ya faɗa lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa. Gidan da ke gangare shi zai karɓa, kuma sau da yawa gidan wanda bai da halin ɗaga dokin ƙofarsa ne. Haƙƙin maƙwabtaka da malamai suke ta jan kunnenmu a kai, har bakin indararo ya shafa.

Abu na farko, tari ruwan rufi. A haɗa indararo da bututu zuwa tanki, in babu hali ko duro biyu sun rage wani abu. Ruwan farkon damina a bar shi ya zube, don shi ke wanke ƙurar hunturu da kashin tantabaru. A rufe bakin tankin ruf saboda sauro da yara. Ya isa wanki da wanke-wanke da ban-ruwan shuka.

Siminti kuwa a yi shi inda yake da amfani: gindin katanga. A zagaye bango da daɓe mai ɗan gangare, yadda ruwa zai guje shi, musamman in akwai sauran ginin ƙasa a gidan, domin ta ƙafa ruwa yake kayar da shi. Magabata da makuba da laso suke tsare bango da rufi, suna sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Amma tsakiyar gidan a bar ta tana numfashi. In uwargida ta ce ta gaji da caɓi, kuma tana da gaskiya, a shimfiɗa intalok a kan yashi da tsakuwa, kada a zuba kankare a ƙarƙashinsa, kada kuma a toshe tsakaninsa da siminti.

In gidan yana da fili, a zaɓi inda ruwa ya saba kwanciya a yi ɗan kwari marar zurfi, a sassauta ƙasar, a gauraya ta da yashi da taki. Kafin nan ka gwada wurin: haƙa rami kamar kamu ɗaya, ka cika shi da ruwa. In ka wayi gari ya tsotse, ƙasar za ta yi. In ya kwana biyu yana kallonka, to ko marmara ce a ƙasa ko ruwan ƙasa ya matso kusa, kamar yadda yake a gidajen da ke dab da Jakara, sai ka haƙura da ramin ka tsaya a kan tanki. Ruwan da ya ƙafe cikin kwana ɗaya ko biyu sauro ba ya samun damar girma a ciki, shi sai ya yi wajen mako guda. Ka nisanta kwarin da bango aƙalla mita 3, kuma kada ya kusanci salga ko bakin rijiya. Na san akwai gidaje a cikin gari da an raba gado har tsakar gidan ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Mai irin wannan gida babu laifi a kansa in bai haƙa komai ba.

A bakin kwarin ka dasa zogale, ko gwanda, ko lemon tsami, ko lalle. Jema ma tana da kyau, saiwarta ƙasa take nutsawa ta kama ƙasar. Durumi da ceɗiya dai a bar su a ƙofar masallaci da dandali, a cikin gida saiwarsu tsaga gini take yi.

Sauran ruwan da dole ya fita, a sa wa rariyarsa raga don leda ta tsaya a gidan da aka yi amfani da ita. Ka je ka gaida mai unguwa, ku sa ranar gayya a yashe lambatu kafin watan Yuni, abin da aka kwaso kuma a ɗauke shi a ranar, kada a jibge shi a baki ruwan farko ya mayar. Ka kira maƙwabcinka na gangare ya tsaya tare da kai ranar da magini zai auna inda ruwan gidanka zai bi.