Ga mai neman tsohuwar tashar jirgin Rahama

Wani abokina malamin tarihi ya ce zai kai ɗalibansa su ga inda ƙaramin jirgin kuza ya bi tsakanin Zariya da Jos, yana tambaya ta ina zai fara. Na ce ya fara da Rahama, maƙwabciyar Saminaka a ƙaramar hukumar Lere.

Turawa sun shimfiɗa layin ne domin kwaso kuza daga tsaunukan Jos, wadda a da 'yan dako ke ɗauka a ka. Ya iso Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, ta Soba da Dutsen Wai da Jengre. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, na Legas zuwa Kano kuwa ƙafa 3 da inci 6, shi ya sa dole a sauke kaya a Zariya a sake lodi. Da babban layi ya shigo Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwar ƙaramin layin ta fara ci baya, aka rufe shi a 1957. Harka ta koma bakin titi, yau Saminaka ce hedikwatar ƙaramar hukumar, ita ke da kasuwar masara.

Amma akwai tarko a tashar mota. Da ka ce tsohuwar tashar jirgi kake nema, za a samu direba ko ɗan acaɓa ya ce ya san wurin kamar yunwar cikinsa, ya yanka maka kuɗin shata, ya sauke ka gaban wani kango ya ce ga ta nan. Ni ma an yi mini haka, kuma da na yi gardama sai ya ce tun kakansa nan ake nunawa. Jirgin da ya daina gudu kusan shekara saba'in, yaushe matashi ya gan shi? Kada ka biya kowa shata. Hau motar haya zuwa Saminaka, ka je ka gaida mai unguwa da ɗan goronka, ka roƙi a haɗa ka da dattijon da ya ga jirgin da idonsa.

Je da rani, bayan an cire amfanin gona, don kada ku tattake wa mutane shuka.

Kada dare ya same ku a hanya.

In ɗaliban sun nace sai sun ga ƙarfe, ku wuce Jos, akwai tsofaffin kawunan jirgin a ajiye wajen gidan tarihi.