Yadda Ake Tsare Haske Wajen Ɗaukar Hoto

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a Anguwan Rukuba, cikin Jos, na sauka a gidan wani tsohon mai bishara. Shi ne ya koya wa ubana karatu. Jikinsa ya yi rauni ƙwarai, 'ya'yansa kuwa ba su da hotonsa na kirki ko ɗaya. Da suka ga ina da kyamarar aro, sai suka roƙe ni in ɗauke shi.

Na zaunar da shi jikin bango mai farar ƙasa, na kunna fitilar lantarki daga nesa. Da hoto ya fito, ya duba ya ce, "Ɗana, ina furfurata ta tafi?" Na ce, "Baba, bango ya cinye ta." Na rataya baƙin zane a bayansa na sake ɗauka, amma zanen ya fito toka-toka. Laifin ba na zane ba ne. Hasken da na nufa ga fuskarsa shi ne ya zarce ya sauka a baya.

Abu biyu ya kamata mu riƙe. Na fari, haske miƙe yake tafiya, ba ya kwana. Wani masani Balarabe, Ibn Haisam, ya bayyana wannan a littafinsa Kitabul Manazir, wajen shekara 1000 da suka wuce. Saboda haka duk abin da ka gitta a hanyarsa zai tare shi. Na biyu, haske yana raguwa da sauri in an yi nisa. In ka ninka nisa sau 2, kashi ɗaya cikin 4 ne zai rage. In sau 4, kashi ɗaya cikin 16.

To, ga kuskurena. Fitila tana ƙafa 8 daga Baba, ƙafa 9 daga zane. Da shi da zanen kusan haske ɗaya suka samu. Ga yadda na gyara:

1. Na janye kujerarsa daga bango, na matso da fitila ƙafa 3 daga fuskarsa, zane kuwa ƙafa 12 daga fitilar. Zane ya samu kashi ɗaya cikin 16 kaɗai na abin da fuska ta samu.

2. Na sa fitila a gefensa, ba a gabansa ba, don hasken da ya wuce shi ya bi gefe.

3. Na sa yaro ya riƙe kwali mai baƙin fenti tsakanin fitila da zane, ba dab da ƙwai ba saboda zafi. Na je na tsaya jikin zanen na duba. In kana hangen ƙwan fitila daga nan, to, haske yana isa wurin.

4. Na rufe taga, na rataya bargo a bangon da ke fuskantar fitila, gama farin bango yana mai da haske kamar madubi.

5. Na cire zanen, don yana da sheƙi, na sa baƙin bargo. Abu mai gashi-gashi ya fi shan haske.

6. Na daidaita kyamara bisa hasken fuska. In ka bar ta da kanta, za ta ga duhu ya yi yawa, ta ƙara haske, ta ɓata maka aiki.

Wannan karo furfura ta fito fes, har ana iya ƙidaya tamojin goshinsa. Bai yi wata biyu ba ya rasu, wannan hoto kuwa shi ne 'ya'yansa suka rataya a ɗakinsa.

'Yan'uwana ɗalibai, wannan darasi ba sai da kyamara ba. Ku samu tocilan da kwali da abin awo, ku rufe tagogin aji. Yaro ɗaya ya tsaya ƙafa 2 daga tocilan, ɗaya ƙafa 4, ɗaya ƙafa 8. Ku bar yara su faɗi wanda ya fi haske, sa'an nan ku yi lissafin tare a allo. Na gwada da 'yan aji shida, har waɗanda ba sa son lissafi suka yi ta ɗaga hannu. Gani ya kori ji.