Darasi Ga Kanikawa: Mayar Da Difaranshal Na Gaba Bayan Gyara

Ƙasar Kafanchan, Kwoi da Kachia ta shahara da noman citta, ga ruwan sama mai yawa daga Afrilu zuwa Oktoba. Saboda laka da hawan duwatsu irin na Kagoro, manoma da fatake sukan dogara ga motocin da ƙafafunsu huɗu duka ke ja, kamar Land Rover da Toyota Hilux. Irin waɗannan suna da difaranshal a gaba, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfin inji ga ƙafafu biyu, yana barin ta waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. Idan ya cije ana cikin gangara, ƙafafun da ke bin sitiyari ne za su tsaya cik. Don haka ba a haɗa shi da ƙiyasi, sai da awo.

Na farko, a wanke kome da kananzir a shimfiɗa bisa tsumma mai tsabta, domin yashi kaɗan ya isa ya cinye boris.

Na biyu, babban faifan haƙori da ƙaramin da ke juya shi tare aka goge su a masana'anta. In ɗaya ya lalace, a sake su duka. Kuma yawan haƙoransu ya dace da na baya, in ba haka ba gaba da baya za su riƙa ja-in-ja har wani ya karye.

Na uku, a sa ƙaramin da siraran zobban ƙarfen da ke tsayar da zurfinsa. A ɗaure notinsa sannu-sannu har ya riƙa juyawa da 'yar turjiya, ba girgiɗi. Zoben da noti ke matsewa, da robar tare mai, sababbi ake sawa.

Na huɗu, a ɗaure kusoshin babban faifan da sifana mai ma'auni, ana yin ɗaya sannan na daura da shi. Murafun boris kowanne ya koma gefensa. Shi ya sa ake yi musu alama tun wajen kwancewa.

Na biyar, a auna ratar da ke tsakanin haƙora da agogon awo, a wuri uku ko huɗu. A ƙananan motocin kaya takan kama daga milimita 0.13 zuwa 0.20, amma littafin motar shi ne alƙali. In ta yi kaɗan zafi zai taso, in ta yi yawa sai kuka da karaya.

Na shida, a shafa shuɗin awo a haƙora, a juya gaba da baya. Tabon ya kamata ya fito a tsakiyar haƙori. In ya zame baki ko gindi, a sake zobba, a sake awo.

Daga ƙarshe a zuba man giya mai lamba 90 ko 80W-90 har ya kai bakin ramin zubawa, a kuma duba kafar numfashi ba ta toshe ba. A tafi da motar a hankali kilomita 800 na farko, sannan a juye man. In an ratsa rafi, aka ga man ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga.

Mai mota, kada ka matsa wa bakanike don kasuwa na ci gobe. Sauri kan haifi nawa.